Wa Ya Hana Yaya Rakiya Cin Ƙwai?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsaka da suyar ƙuli yau da safe aka kira ni daga Kademi, wai Yaya Rakiya ta rasu. 

Ita ta koya mini sana'ar nan. Ranar da na ƙona suyata ta farko dariya kawai ta yi, ta ɗebo gyaɗarta ta ce in sake. Ba ta taɓa goranta mini ba.

Kansar mama ce ta kama ta. Tun bara take zuwa Kano ana yi mata kemo, wato ƙarin ruwan maganin kansa.

Na taɓa raka ta, da kunnena na ji nas tana cewa, "Hajiya, maganin nan sai da abinci. Ƙwai, wake, kifi, kunun gyaɗa. Ko ba kya sha'awa ki riƙa ci kaɗan-kaɗan."

Shi ya sa duk sati nake dafa ƙwai a nan Ajingi in aika mata.

Amma sai ƙara ramewa take. Sau biyu ana dawo da ita ba a yi kemon ba, wai jininta ya yi ƙasa. Nan zuciyata ta fara zargi. Ƙwan nan cikin wa yake shiga?

Satin da ya wuce na faɗa gidan ba sanarwa. Na same ta da kofin koko tsararo, ga wata jarkar baƙin ruwa a gefen gado. Mijinta ya ce wajen wani mai tallar magani da lasifika ya karɓo a kasuwa, kuma da sharaɗi: ba nama, ba ƙwai, ba maiƙo, wai su ke ciyar da ciwon. Na ce likita ya sani? Ya kawar da kai.

Da ya fita ta riƙo hannuna. "Ƙanwata, ƙamshin ƙuli nake ji a mayafinki. Wallahi yunwa nake ji."

Matar da ta yi shekara ashirin tana matsar man gyaɗa!

Na miƙe zan samo mata. Ta ce, "Zauna. Kar ya ga kamar na raina ƙoƙarinsa."

Na zauna. Na yi kawaici, kuma yau ina jin haushin kaina.

Ban ce wani ya kashe ta ba, kwana ne ya ƙare. Mijinta ma warkewarta yake nema. Amma mai lasifikar nan ban yarda da shi ba, kuma yana nan yana zaga kasuwanni. In kuna da mara lafiya aka ce ku hana shi abinci, ku tambayi likitansa tukuna.

Allah Ya jiƙan Yaya Rakiya, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya ƙosar da ita da abincin Aljanna. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a. Ni ma ku roƙa mini Allah Ya yafe mini zaman da na yi.