Baƙo Mai Sanyin Hannu

Ban taɓa yarda cewa kakata Iya Hawa tana tatsuniya don nishaɗi kawai ba. Duk wadda ta ɗauko, akwai wanda take nufi da ita. Shi ya sa idan an hura wutar kara a tsakar gidanmu na Gaya bayan magariba, ni ba bakinta nake kallo ba, inda idonta ya nufa nake bi.

A shekarar da nake magana, wata bazawara daga Bengou, Inna Gambi, tana zaune a ɗakinmu na kusa da zaure, tana yin sabulu. Idan ta zuba soda a ruwan sanyi, bahon yakan ɗau zafi har ya yi tururi, alhali babu wuta a ƙarƙashinsa. Ga ta da faɗa, yaron da ya matso kusa sai ya sha tsawa. Akwai kuma Sanda, abokin Baba, mai kawo takin zamani daga hayin kogi, mutum mai taushin murya. Nasa farin takin idan muka jiƙa shi, ruwan sanyi yake yi kamar na randa, har mu riƙa rigimar tsoma hannu. Sanda ne ya fara yi wa Baba raɗa: macen da ke tafasa ruwa ba wuta, a bincike ta. Ɗakin yake so ya tara buhunansa. Baba ya fara shirin sallamarta, ita kuwa ba ta da inda za ta.

Ran nan Baba yana bakin ƙofa yana gyaran lauje, Iya ta gyara murya.

"Ga wata nan tafe, mai kunne ya tara."

Wai baƙi biyu suka sauka wani gari da sanyi. Ɗaya duk wanda ya gaisa da shi sai ya fizge hannu, don zafi. Ɗayan hannunsa sanyi ƙalau, ba a gajiya da riƙe shi. Mai gari ya ce na farkon ba mutum ba ne, aka kore shi, aka ba na biyu ɗaki. Ba a jima ba murhu ya daina ci, tuwo ya ƙi nuna, jarirai suna ta makyarkyata a bayan iyayensu.

"Ina ɗumin garin ya tafi, Iya?" na tambaya.

"Ƙawata, kin cika gaggawa. Yana cikin baƙon mana! Mai zafi nasa yake ba su. Mai sanyi nasu yake sha, suna ta godiya." Ta tura kara cikin wuta, ta dubi ƙofa. "Ta ƙare. Wanda bai ji ba, zai gani."

Baba ya yi 'yar dariya ya ce, "Iya ke nan." Ni kaina na yi zargin sabulun da Inna Gambi ke ba Iya kyauta ne ke magana. Kafin a gama girbi aka sallami matar. Buhunan Sanda suka cika ɗakin, daga baya ya karɓi aron fadamar shinkafarmu, aron da har Baba ya rasu bai dawo ba.

Sai da na shiga lise, wato babbar sakandare, a Dosso, malamin kimiyya ya bayyana mana abin, da wani dogon suna na Faransanci. Wani haɗin yana sakin zafin da ke ajiye a cikinsa, wani kuma ba ya yiwuwa sai ya zuƙi zafin abin da ke kewaye da shi. Zafi ba ya ɓata, wuri yake sakewa. Da ya miƙo mini kwalbar da ta yi sanyi ya ce daga tafin hannuna take ɗaukar zafi, sai na ji hawaye, 'yan aji suna mamaki.

Na san soda tana ƙuna, don haka ma Inna Gambi take korar mu daga bahon. Na kuma san ba kowane mai taushin baki ne Sanda ba. Duk da haka, har yau idan mutum ya cika sanyaya mini rai, nakan duba me ke fita daga hannuna. Safiyar da Inna Gambi ta tafi, na shiga inda take aiki na dafa ƙasa a gurbin bahonta. Ta riga ta kai tasha, amma wurin da sauran ɗumi.