Baba Mai Awo, Wanda Ƙanena Ya Fi Jin Maganarsa

Kullum da safe Baba Mai Awo yakan share garejinsa da kansa, ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya ajiye wata sanda mai zane-zane kusa da shi. In mota ta shigo, kafin ya ce wa mai ita sannu da zuwa, sai ya kwanta a gefensa ya leƙa ƙarƙashinta. Masu zuwa wurinsa sun saba, har sukan ce Baba yana gaida cikin mota kafin ya gaida mai mota.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana kanikanci. Sha biyar na ƙarshe ya ba da su ga motocin nan da ake ƙerawa don su yi kama da na tsere: a samo tsohuwar mota, a cire mata jiki, a ɗora mata wani mai faɗi, a dankwafar da ita har cikinta ya kusa shafar ƙasa. A filin tsere hakan daidai ne. Amma masu su a titin gari suke hawa, inda akwai ramuka da kwalbati da tudun rage gudu. Yau salansa ta yage, gobe bamba ta tsage.

Baba ba ya taɓa mota sai ya tambayi mai ita, "Ina da ina kake zuwa da ita?" Daga nan ya ɗauki sandarsa, ya sa mutum a gaba, su taka hanyar da ƙafa, yana auna kowane tudu. Mai kantin magani na layinmu ya shaida mini ranar da tasa motar ta maƙale a dokin ƙofar gidansa, tayoyin baya na juyawa a iska, maƙwabta na dariya. Baba ya zo da katako biyu ya sauke ta ba ko ƙwarzane, sannan ya ce, "Gidanka ma ba ta yarda da shi ba, ina ga gidan surukai?"

Ni malamin lissafi ne, ba ni da irin motar nan, kuma ba na sha'awarta. Zan faɗi gaskiya: wata uku ke nan ina jin kishin bawan Allah nan, kuma dalilin shi ne ƙanena, Auta.

Ni na riƙe Auta tun rasuwar mahaifinmu, a ajina ma ya zauna. Yanzu magidanci ne, mai aikin wutar lantarki. Shekara biyar ya yi yana haɗa motarsa, ja wur. A gaban makarantarmu kuwa akwai tudun rage gudu da na yi shekara biyu ina rubuta takardu kafin a yi shi, bayan mota ta karya wa wata ɗalibata ƙafa. Ranar da Auta ya fara fitowa da motar, a kan tudun nan kaskon baƙin mai ya fashe. Ya fusata, ya bi abokansa masu irin motar yana tara sa hannu don a nemi hukuma ta fasa tudun.

Na zaunar da shi sau uku. Na zana masa a takarda, na yi masa lissafin gudu da tazarar birki.

Ya ce, "Yaya, nan ba aji ba ne."

Na ce, "Yaran mutane fa, Auta?"

Ya ce, "Motar ma ai ta mutum ce."

Wata biyu bai taka gidana ba. Takardarsa kuwa ta cika da sunaye, saura kaiwa.

Da ya ja motar zuwa gareji, Baba ya tambaye shi ƙarfe nawa ake tashi a makarantar yayansa. Daidai lokacin Baba ya kawo shi gaban makarantar. Ta tagar ofis na hango su tsugune a bakin tudun, Baba na awo a hankali kamar mai jiran wani abu. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka ɓarko. Abin da suka faɗa daga bakin Auta na ji shi daga baya.

Baba ya ce, "Kada ka miƙe. In kana zaune a motarka, daidai nan idonka yake. Me kake gani?"

"Ƙafafu da jakunkuna, Baba."

"Bayan motar can da aka ajiye fa?"

"Ba na ganin komai."

Kafin ya rufe baki, yara uku suka ɓullo ta bayanta da gudu suka tsallaka. Baba ya nuna masa sanda ya ce, "Tudu yatsa biyar, motarka yatsa huɗu. Mu gyara wanda yake namu."

Ya ɗaga motar da yatsa biyu ta wajen sifirin da ke tallafe da tayoyi, ya ɗaura mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, ya kwana uku yana koya masa shiga tudu a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya. Auta ya yi ƙorafin ta rage kyau. Baba ya ce, "Kyan mota ta kai ka, ta dawo da kai." Auta ya yaga takardar da hannunsa.

Ran nan sai ga shi a gidana, yana cin abinci yana yi mini bayani. "Yaya, ka san in ka shiga tudu a karkace, tsakiyar mota ba ta sauka a kansa?" Na sani mana. Ni na koya masa kusurwa a aji biyu, ya ci sha biyu cikin ɗari. Na dai ce, "Ikon Allah," na ƙara masa ruwa.

Baba, kai ne ka yi a yini ɗaya abin da na kasa a wata biyu. Ni na tsaya a kansa ina zuba, kai ka tsuguna tare da shi ka bar idonsa ya yi aiki. Gwani, mai gyaran mota da mai ita. Na so a ce ni ne na yi, ba zan ɓoye ba.

Makon jiya Baba ya ajiye aiki, gwiwoyi sun ce ya isa. Masu motoci suka taru a gareji don yi masa ban kwana. Auta ya miƙe ya ce, "Wallahi tun da nake ban taɓa samun malami irin Baba ba." Ina zaune a kujerar da ke kusa da shi. Matata ta zungure ni, na tafa tare da kowa, sai dai tafin nawa bai yi ƙara sosai ba.

Duk da haka, yabon gwani ya zama dole. Na gode, Baba. Tudun yana nan, ɗalibaina suna tsallakawa lafiya, ƙanena ya dawo cin abinci a gidana. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya sa ka huta cikin iyalinka. Ku kuma 'yan'uwana malamai, da kanikawa, da duk mai wani a ƙarƙashinsa, in kun faɗa sau uku ba a ji ba, ku sauko daidai idon mutum ku duba tare da shi. Ni ma jiya na gwada a aji, na tsuguna kusa da wata ɗaliba mai kuka da lissafi. Ta gane. Miƙewar ce sai da aka kama ni.