Malam Isyaku Bawa da Waƙar da Na Riƙe Masa

Ina cikin motar kamfani a bakin ƙofar wurin gini a Dir'iyya, kusa da Riyadh, ina jiran a sauke bulo, sai kiran Hajara ya shigo. Ita ce babbar 'yar Malam Isyaku Bawa, kuma ba ta taɓa kirana da kanta ba. Ko gaisuwa ba ta iya ƙarasawa ba, ta ce, "Kawu Sani, Baba ya rasu da safen nan. Bayan azahar za a kai shi." Na yi salati, na kashe mota. Mai kula da ma'aikata ya zo yana buga mini gilashi yana cewa "yalla, yalla," ina kallon bakinsa amma ban fahimci abin da yake nufi ba.

Malam Isyaku malamin tarihi ne a kwalejin ilimi ta garinmu, amma mutane sun fi saninsa da shirin Faifan Jiya, wanda yake gabatarwa duk Juma'a da yamma a ƙaramin gidan rediyon kwalejin. Tsofaffin waƙoƙi yake sawa: na noma, na masunta, na 'yan dambe, na daka. Shekara ashirin da wani abu ya yi yana wannan aiki. Ni ma na koyar a kwalejin, kuma shekara bakwai ina zama a kujerar da ke gefensa ina karanta gaishe-gaishe, kafin neman abinci ya kawo ni Riyadh.

Mutum ne mai tsari har ya kan ba mutane haushi. Da hannunsa yake goge kowane kaset, ya rubuta sunan mawaƙi da garinsu a jiki. Idan bai san sunan masu amshi ba, sai ya nemi afuwarsu a iska. Ɗalibai sun sha roƙonsa ya sa waƙoƙin zamani, ya ce musu, "Naku suna da gidaje dubu. Waɗannan ɗaki ɗaya ya rage musu." Akwai shekarar da hukumar kwaleji ta so ta ba wani shiri lokacinsa. Bai yi gardama ba. Ya ɗauko buhun wasiƙun masu saurare ya ajiye a ofishin shugaba, ya ce a karanta tukuna. Ba a sake tayar da maganar ba.

Doka ɗaya yake da ita wadda ba ya karyawa: ba ya yanke waƙa. Ko lokacin labarai ya yi, sai mai karantawa ya jira. Yakan ce, "Wanda ya rera ta ba ya nan balle ya kare kansa. Mu ne za mu bar shi ya gama maganarsa." Saboda wannan doka, akwai wata waƙar noma ta wani mawaƙi daga ƙasar Maraɗi da bai taɓa sawa ba, duk da ita ya fi so. Rakoda ta cinye masa rabin zaren kaset ɗin tun da daɗewa, kuma ya nemi wani ya rasa.

Wata Juma'a na shiga kasuwar Dira sayen turare, sai na ji waƙar tana tashi daga wani ɗan shago. Mai shagon dattijo ne Bamaraɗe, Alhaji Iliya. Na tsaya har ta wuce inda ta Malam take tsinkewa, ta ci gaba. Da na ba shi labari, ya ciro kaset ɗin ya miƙo mini, ya ce, "Kai masa. Wanda ya jira haka shi ya fi ni cancanta."

Na kira Malam nan take. Ban taɓa jin murna irin wannan a muryarsa ba. Ya ce, "Sani, naɗo mini ita ta waya yau ɗin nan, ko ka ba wani mai tahowa gida."

Na ce, "A'a Malam. Da hannuna zan kawo, mu zauna tare mu sa ta."

Ya ce, "To, Allah Ya kawo ka."

Ban yi haka don mugunta ba, amma don kaina na yi. Ina son a ji muryata a gefensa ranar. Hutun farko kafil, wato ubangidana na aiki, ya hana, ya ce aiki ya yi yawa. Na biyu sabunta iƙama, takardar izinin zama, ya tsayar da ni. Na uku babu wanda ya hana ni; ni na ɗaga shi da kaina. Malam bai sake roƙona ba ko sau ɗaya.

Makonni uku kafin rasuwarsa, muna zaune a ɗakinmu na unguwar Malaz bayan magariba muna sauraren shirin ta waya, sai na ji ya sa rabin waƙar. Da ta tsinke, ya ce, "Masu saurare, ku gafarce ni. Ragowar tana Riyadh a hannun amini." Na yi dariya, na ɗauka tsokanata yake yi. Abokin zamana Abdu, mutumin Damagaram, bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam Sani, ba ka ji numfashin mutumin nan ba?" Na kira Malam washegari, ya ce mura ce kawai. Na yarda, domin yardar ta fi mini sauƙi.

Daga baya Hajara ta gaya mini tun kafin wannan shirin likita ya faɗa masa gaskiyar ciwonsa, shi kuma ya hana a gaya wa kowa. Wannan ne shirinsa na ƙarshe. Bayan rasuwarsa na aika kaset ɗin ta hannun wani mai komawa gida, kwana huɗu kacal ya isa. An sa waƙar har ƙarshenta a rediyon kwaleji. Ban iya saurare ba.

Allah Ya jiƙan Malam Isyaku, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da Aljannar Firdausi. Allah Ya ba matarsa Hajiya Rabi da Hajara da ƙannenta haƙurin wannan rashi, Ya zama gatansu a bayansa. Ni kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a, domin ban samu na nemi gafararsa yana raye ba.