Rawar Hansai ta Ƙarshe

Hamsatu ne sunanta na yanka, amma a garinsu Adabka ba mai kiranta sai Hansai. Gajeriya ce, baƙa, mai wushirya, kuma tun tana yarinya a dandali aka san ƙafarta ba irin ta kowa ba ce. Da ta yi aure ma ba ta daina ba. Duk gidan da ake biki ko suna, in mata suka kifa ƙwarya a kan ruwa cikin babban kwano suka fara bugawa da ludayi, sai ka ji ana cewa a aika a kira Hansai. Ba ta tsalle, ba ta ta da ƙura. Kafaɗa take fara motsawa kaɗan kaɗan, kamar ba ta so, sannan sauran jikin ya bi.

Tana da wani zance da ta gada wurin kakarta game da kalmar rawa. Takan ce wa ƙawarta Luba, wadda katanga ɗaya ta raba gidajensu, ta duba ruwan da ke ƙarƙashin ƙwaryar kiɗa. Kafin ƙafar kowa ta ɗaga, ruwan nan ne ke fara karkarwa.

"Shi yaf fara, mu munka kwaikwaya," in ji ta. "Ba ki ji sunan ba? Ruwa, rawa. Wa da ƙanwa na."

"Wane malami yag gaya miki?"

"Kakata. Ta hi malaminku yawan shekaru."

Ita kanta ba ta taɓa rantsuwa a kan zancen ba. Abin da ta tsaya a kai shi ne, rawa ba ta mutum kaɗai ba ce. Dawa na rawa in iska ta taso, haƙorin tsohuwa na rawa, mai zazzaɓi na rawar sanyi. Duk abin da ya kasa tsayawa wuri ɗaya, a wurinta, rawa yake yi.

Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Mukhtar, wanda ya koyi ɗinki ya tafi Gusau ya zauna. Da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, sai dai ta ce Tela. Ba ta kuma iya ce masa tana kewarsa. A shekarun nan hanya ta ɓaci, ana tare motoci a daji, sai ta kafa masa doka: kada ya zo sai ta kira shi. Ya bi dokar. Waya ta zama ita ce ziyararsu, ran Juma'a bayan an sauko masallaci.

Ana nan sai wani ciwo ya fara mata daga babban yatsan hannun dama. Tana tsinke zogale ta ga yatsan yana motsi shi kaɗai. Kafin damina ta zagayo ya kama hannun duka, ya haura wuya. Kunu ya riƙa zubewa kafin ya kai baki. Aka kai ta asibiti a Bukkuyum a kan babur, aka ba ta ƙwayoyi, suka rage abin amma ba su kore shi ba. Ta daina zuwa biki. Da farko ana aikowa, daga baya aka daina, don kada a tuna mata. In kiɗa ya tashi a unguwa, sai ta ja tabarmarta bayan rumbu ta zauna ita kaɗai da awakinta biyu.

Ran Juma'a kuwa sai ta ajiye wayar a kan tabarma, tunda hannu ba ya riƙewa, ta sunkuya a kanta.

"Inna, ya jiki?"

"Lahiya lau. Ina nan ina ta rawa."

Sai Mukhtar ya yi dariya, ya juya ya gaya wa matarsa Shamsiyya cewa Inna fa ba ta tsufa. In ya ce yana jin muryarta na kaɗawa, ta ce sabis ne.

Luba ta sha yi mata magana. "Ke Hansai, ki gaya wa yaron ga gaskiya."

"Ƙarya niy yi mai? Dube ni. Ba rawa nika ba?"

"Ba ita yaka nuhi ba, kin sani."

"In ya ji, gobe shina bisa hanya. In anka tare shi, ke za ki haiho min wani?"

Luba ta bar zancen. Ta ci gaba da miƙo tuwo ta kan katanga, da zuwa da safe ta ɗaura mata ɗankwali.

Haka aka tafi har Shamsiyya ta haifi 'ya mace. Mukhtar ya bugo waya ranar da ba Juma'a ba, murna ta cika shi. Ya ce sunan Inna za a sa wa jaririyar, kuma ya riga ya ɗinka mata atamfa. Ya ce ya gaya wa duk matan layinsu cewa uwarsa za ta zo, za su ga yadda ake taka rawa a ƙasar Bukkuyum. Ya ce ta biyo ayarin motocin ranar kasuwa, shi zai tarbe ta a tasha.

Bayan ya kashe wayar, Hansai ta shiga ɗaki ta saki labule. Ta dafa bango ta miƙe, ta gwada motsa kafaɗar nan yadda ta saba. Jikin yana ta motsi, amma ba inda ta aike shi ba. Ƙafar hagu ta ƙi ɗagawa daga ƙasa. Ta daɗe tsaye a wurin, sannan ta kira Luba ta ce ta danna mata lambar Tela.

"Ba ni iya zuwa," ta ce masa. "Rawar da nika gaya maka, ba ta kiɗa ba ta. Jikin na ka yi, ba shi bari."



"Tun yaushe, Inna?"

"Damina biyu."

"Ni kuma ina nan ina dariya."

"Dariyar nika so in ji."

Bayan an yi suna, Mukhtar ya zo, bai jira izininta ba. Ya same ta a bayan rumbu ta ɓoye hannuwa cikin zane. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon awaki, kamar jiya suka rabu. Da aka kawo kunu, shi ya riƙe mata kofin, ba ta hana shi ba. Ya nuna mata hoton takwararta a wayarsa, ta ce ya matso da shi, ta duba hancin da kunnuwan ta ce duk na gidan su Shamsiyya ne, an cuce ta.

Ya roƙe ta ta bi shi Gusau. Ta ce ba za ta iya zaman babur zuwa bakin titi ba, kuma gaskiya ce. Ya ce to zai kawo mata jaririyar. Nan ta ɗaga murya, ta ce in ya ɗora 'yar mutane a kan hanyar nan ba ta yafe ba, shi ma kada ya sake dawowa sai abin ya lafa.

Ranar da zai koma ta raka shi iyakar zaure, tana dafe da kafaɗar Luba. Wunin ranar ba ta sa komai a baki ba. Ta zauna da wayar a gabanta har la'asar, sannan ya kira ya ce ya sauka lafiya. Ta ce madalla, ta ce Luba ta ɗumamo mata tuwon.

Ana cikin yankan dawa ta rasu, ranar wata Talata da hantsi, Luba na gefenta. Ba ta sake ganin Mukhtar ba, takwararta kuwa ba ta taɓa ɗaukarta ba. Allah ya yi wa Hansai rahama, ya ba jikinta hutun da ya rasa a duniya.