Kifin da Yaya Ya Mayar Ruwa

Yayana masunci ne tun kafin a haife ni. Ni na bar garinmu na bakin kogin Haɗeja ina saurayi, na faɗa cinikin tsofaffin motoci, har sana'ar ta kawo ni Erdington a Birmingham, inda nake saye ina lodawa zuwa gida. Shi bai taɓa barin ruwa ba sai da ciwon ciki ya kwantar da shi. 'Yarsa, wadda ke karatu a jami'a a Manchester, ta kawo shi magani, suka zauna a ɗan gidan hayarta a unguwar Hulme. Da kaka ta shigo likitoci suka faɗa mana gaskiya: babu sauran abin da za su iya, sai dai rage masa zafi.

Abinci ya daina shiga. Wata Asabar na je duba shi, na tarar ta ajiye masa farfesun kifi ya ture kwanon.

"Wannan kifin ya fi ni daɗewa da barin ruwa," in ji shi. "Ni dai in kama da hannuna, a dafa a ranar, in sha romon. Shi ke nan abin da nake so."

Ni mutum ne da in an ce ana son abu, sai in tambayi inda ake samunsa. Na je shagon kayan kamun kifi, na sayi fatsa biyu da tsutsa da lasisi, na karɓi tikitin yini na wani yanki na kogi da wata ƙungiyar masu fatsa ke riƙe da shi. Mai shagon ya gaya mini ƙa'idarsu: duk abin da aka kama sai a mayar da shi ruwa. Na ce na ji. Na zuba ƙanƙara a kula na sa a bayan mota, ban kuma faɗa wa Yaya komai ba. Lissafina shi ne mu kama, mu rufe, mu tafi.

Na ɗauko shi da safe. 'Yarsa ta naɗe shi da rigunan sanyi har ya koma kamar dami.

"Baffa, kada ya jiƙe," ta ce. "Zan jajjaga attaruhu da albasa kafin ku dawo."

Kogin ba shi da faɗi, ruwansa kore-kore, ganyen bishiyoyi na zuba a kai. Na kafa masa kujera a inda gaɓar ta yi laushi. Ya ƙare wa ruwan kallo, sannan ya nuna wani wuri ƙarƙashin reshen da ya sunkuyo, inda ruwan ke juyawa a hankali.

"Can za mu jefa."

Yatsunsa ba ƙarfi, ni na soka masa tsutsa a ƙugiya. Amma da toton da ke jikin zaren fatsar ya nutse, wuyan hannunsa ya motsa tun kafin in gani. Ya fito da ɗan kifi fari fat kamar azurfa, mai jajayen fikafikai da jan ido. Turawa na ce masa roach.

"Kawara ce ta yi ƙaura," in ji shi, yana juya shi a tafin hannu. "Ke ma sanyi ya hana ki girma?"

Muka riƙa kama irinsa muna zubawa a ragar da ake jiƙawa a bakin ruwa. Yana kamawa yana tsokanata, wai na riƙe fatsa kamar sitiyari. Da ya ga na fito da mataccen kifin da na saya a shago na ɗaura a babbar fatsa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Dillali ke nan. Ka sayi kifi don ka kama kifi."

"Jari ne, Yaya. Akwai wani babba a nan, pike suke ce masa. Haƙoransa kamar na tsage."

"To bari mu ga tsagen Turawa."

Bayan mun yi azahar a kan ciyawa, babban toton ya yi tafiya a kan ruwa, ya tsaya, ya nutse. Na miƙa masa fatsar. Ta lanƙwashe har na ji tsoron za ta fizge shi daga kujera, na tsaya a bayansa na rungume kafaɗunsa. Ta cikin rigunan nan duka ina jin ƙasusuwansa. Yana saki yana ja, yana yi wa kifin magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jaki. Da ya gaji sai in riƙe masa gindin fatsar ya huta, amma bai yarda na karɓa ba.

Kifin ya taso, dogo, kore mai ɗigo-ɗigon rawaya, bakinsa kamar na agwagwa. Ina kiciniyar sa shi a komar kwasar kifi sai ga wani dattijon Bature ya gangaro da sauri, ya karɓi komar ya kwaso shi. Mai kula da yankin ne na ƙungiyar. Ya shimfiɗa kifin a kan jiƙaƙƙiyar tabarma, ya zare ƙugiyar da dogon hantsaki, ya ɗora wa Yaya shi a cinya, ya ce in ɗauki hoto. Yaya na haki, fuskarsa ta yi haske irin wanda ban gani ba tun zuwansa.

Sai dattijon ya ce to, a mayar da shi kafin ya galabaita.

Na ja shi gefe. Ban yi masa kwana-kwana ba. Na ce wannan yayana ne, masunci ne a ƙasarmu, kwanakinsa sun ƙare, romon wannan kifin kaɗai yake so. Ya dubi Yaya, ya dubi kular da na riga na sauko da ita. Ya ce ba shi da ikon ba da kifin, na 'yan ƙungiya ne gaba ɗaya. Sannan ya ce zai tafi duba can ƙasan kogi, kuma ba zai dawo ta nan ba yau.

A sana'ata wannan ciniki ya faɗa. Na dawo na buɗe kular.

"Me ya ce?" in ji Yaya.

"Ya ce zai tafi."

"Kafin nan. Na ga kana nuna ni."

Na faɗa masa ƙa'idar, na faɗa masa yadda muka ƙare.

"Shi ne sarkin ruwan nan?"

"Kusan haka. Wakilinsu ne."

"Ya ce an ba mu, ko ya ce ba zai gani ba?"

"Yaya, duk ɗaya ne."

"A wurinka." Ya shafa bayan kifin. "Shekarata nawa ina su, ban taɓa jefa taru a ruwan da ba a buɗe ba. Ruwan wani gari ma sai na gai da sarkin ruwansu ya ce bismilla. Yanzu da nake shirin tafiya zan cika cikina da abin da aka kau da kai na ɗauka? Kama ni in durƙusa."

Na yi masa gardama. Na ce kifi ɗaya ne, na ce lalura ce, na ce zan bi dattijon in sake roƙo. Ya ce mutumin ya riga ya faɗi iyakar ikonsa, kada in sa shi cin amana sau biyu. Na riƙe shi ya durƙusa a bakin ruwa. Ya tallafi kifin a cikin ruwan da hannu biyu, yana jira, har ya kaɗa jela ya sulale. Sannan ya sa na juye ragar ƙananan ma.

Da sauran rana. Na ce mu ci gaba, ko don daɗin kamawar. Ya girgiza kai.

"A huda wa halitta baki, ba don ci ba? Da ka faɗa mini tun safe, da na zauna na kalli ruwa kawai. Naɗe kayanka."

Wannan ce fatsarsa ta ƙarshe, bai kuma sake ganin kogi ba. A hanyar Manchester bai yi mini faɗa ba. Lokaci-lokaci yakan kai tafin hannunsa hanci ya shaƙa, ya mayar cikin riga.

Da muka isa Hulme ƙamshin soyayyar albasa ya tare mu tun daga matakala. 'Yarsa ta buɗe ƙofa da ludayi a hannu, ta karɓi kular daga wurina, ta ji ba nauyi.

"Baba, ba a samu ba?"

"An samu," ya ce. "Babba ma. Baffanki zai nuna miki hoto. Sauke tukunyar, ki ba ni ruwan zafi."