Sarkin Ƙofa na Bisa Murfin Gwangwani

A Wurno, kakata Inna Hajo tana da wani gwangwanin alewa da take ajiye allura da zare. Bisa murfin akwai zanen wani ƙaton gidan dutse na Turawan da, a kan tudu cikin dare: wata ya leƙo ta giragizai, tagogi duk duhu sai guda ɗaya. In ta sauke tuwo muka kewaye murhu, ni ke ɗauko shi.

"Kai mijin banza, mi kaka nema ga gwangwanina? Ko goro ba ka taɓa sai min ba!" Sai ta karkata murfin wajen wuta. "To ga ta nan, ku tara kunne."

Ta ce gidan Sarkin Ƙofa ne. Dokar garin, da an kira magariba ya rufe ƙofa, ko wa ya zo sai safiya. Ran nan ɗansa ya yi dare wajen neman maraƙi. Ya buga, ya kira. Uban ya ji, amma ya ce mahara ma sun iya kwaikwayon murya. Da safe aka buɗe, sai sanda da takalmi ɗaya. Tun daga nan uban yake kwana da fitila a taga.

"Inna, yaron ya dawo?"

"Wa yat taɓa dawowa daga bakin kura? Ku tashi ku kwanta."

Wallahi na tsani mutumin nan. Har yawu na tofa wa murfin, na sha dundu.

Inna ta daɗe da rasuwa. Na koma Goronyo, na yi iyali, na sayi babur. Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyuka, kowa ya daina buɗe ƙofa bayan isha'i. Wani dare aka buga tawa.

"Malam Bello, ni na, Sani! Taimake ni!"

Muryar maƙwabcina ce sak. Matata ta riƙe mini riga. Na yi tsit har sawunsa ya yi nisa.

Ashe Sanin ne. Ƙaramar ɗiyarsa ce ta shiɗe, yana neman mai kai su asibiti. Da ƙafa ya saɓa ta, ba su kai ba.

Sai lokacin na tuna Inna ba ta taɓa ce mana Sarkin Ƙofa mugu ne ba. Tsoro ya ji, kamar ni, kuma hakan bai rage masa nauyin abin ba.

Da na je ta'aziyya, Sani ya riƙe hannuna ya ce, "Ba komi, Malam, na san kwana kaka yi." Har yau sahu ɗaya muke sallah, kafaɗa da kafaɗa, kuma na kasa gaya masa idona biyu.