Shekara Takwas a Ɗakin Ƙofar Gida

A Zangon Kumasi, duk wanda ka tambaya gidan Shakiru Ɗalibi zai nuna maka da baki, bai ko ɗaga hannu ba. Ɗalibi ba sunan yanka ba ne, suna ne da ya manne masa saboda daɗewa. Yaran da aka haifa a shekarar da ya fara karatu sun yi wayo, ana aikensu sayen koko, shi kuwa yana nan yana karatu. Mutum ne fari siriri mai son turare, mai tabarau wanda babu likitan da ya rubuta masa. Shekararsa talatin da biyar, kuma in ka ce ya nuna maka aiki ɗaya da ya taɓa yi har zufa ta zubo masa, sai dai ya nuna maka hawan trotro, motar hayar nan.

Mahaifinsa, marigayi Alhaji Seini, ɗan kasuwar goro ne da iyayensa suka zo daga Nijar. Bai yi boko ba, shi ya sa yake ganin boko da girma fiye da kima. Babban ɗansa Sulemana ya tafi Jamus neman abinci, 'yarsa Barkisu ta yi aure, sai auta Shakiru ya rage a gabansa, yana gama sakandare ya zauna. An kai shi shagon goro, ya ce ƙanshin na sa masa ciwon kai. An kai shi wajen mai gyaran waya a kasuwar Kejetia, kwana tara ya yi ya ce maigidan ba shi da tarbiyya. Da uban ya fara tsananta masa, rannan sai ya shigo da fara'a ya ce ya samu jami'a ta intanet, digiri a kan kiwon lafiyar al'umma, daga ɗaki za a yi komai, ba sai an je ko'ina ba.

Wayyo tsoho! Har ƙwalla ya yi. Ya sa aka kwashe buhunan goro daga ɗakin ƙofar gida, wanda tagarsa ke kallon titi, ɗakin da ya fi kowanne iska a gidan. Aka yi fenti, aka sa fanka da tebur. Sulemana ya aiko da laftof, ya kuma ɗauki nauyin makarantar. Alhaji ya tambayi ɗansa shekara nawa ake yi, Shakiru ya ce huɗu. Bai yi ƙarya ba, huɗun ce ga mai yi.

Wata bakwai bayan haka ciwo ya kwantar da Alhaji. Ya sa aka kira limamin masallacinsu, Malam Sanni, da dattawa biyu, ya ce su shaida: ɗakin ƙofar gida na Shakiru ne har ya gama karatu, kada wanda ya tashe shi, kada wanda ya ɗora masa wani aiki. Ya faɗa, ya cika bayan kwana uku. A Zango kuwa maganar da mamaci ya bari a gaban liman ba a taɓa ta. Ko kotu ka je, ka dawo ka tarar da dattawa suna jiranka.

To, Shakiru malalaci ne amma ba wawa ba ne. Bayan sadakar arba'in ya zauna ya karanta dokokin makarantar tsaf, karatun da bai taɓa yi wa darasi ba. Nan ya gano abin da tsohon bai sani ba. Shekara huɗu ta wanda ya ɗauki kwas cikakku ce kowace samista. Mai aiki da iyali yakan yi shida. Amma makaranta ba ta kora, kana iya ɗaukar kwas ɗaya tak, kana iya cewa a ɗaga maka samista guda, kuma tana haƙuri da kai har shekara goma. In goman ta cika ma, ai akwai canza fanni a soma daga farko. Ranar nan Shakiru ya yi murmushin da bai yi ba ko ranar ɗaurin aurensa.

Daga nan ya tsara rayuwarsa. Da hantsi ya fito daga ɗakinsu na cikin gida, inda matarsa Nasiba da 'yarsu Farhana suke, ya buɗe ɗakin karatu, ya kunna fanka, ya buɗe laftof. Malama na bayani a allo, shi ya kashe mata murya yana kallon ƙwallo a waya. Da la'asar abokai su cika ɗakin, a baza draf, a yi ta musu kan 'yan wasan Turai kamar su ke ciyar da su. In aka yi rasuwa ana neman masu haƙa kabari, Shakiru na da jarrabawa. Ranar yashe kwata kuwa, shi mai karatun kiwon lafiyar al'umma, sai ya leƙo ta taga ya ce a yi a hankali, warin na hana shi fahimta. Ya ɗaga samista saboda azumi. Ya ɗaga saboda ɗauke wuta. Wata shekarar ya ɗaga saboda, in ji shi, intanet ɗin Kumasi bai kai matsayin karatunsa ba.

In wani dattijo ya yi ƙarfin hali ya ce, "Shakiru, har yanzu?" sai ya gyara tabarau.

"Baba, karatun intanet ba irin na aji ba ne. Kowa da saurinsa. Turawa ma sun ce gaggawa ke lalata ilimi."

Wane Bature ne ya faɗa, oho. Dattijo dai sai ya gyaɗa kai ya wuce, don ba ya son a ce bai waye ba.

Kwas ɗayan ma da yake ɗauka, kada ka ɗauka shi ke yi. Nasiba ce. Ita ma ta gama sakandare, da sakamakon da ya fi nasa nesa ba kusa ba, sai dai gidansu ba mai kai ta gaba. Tana sayar da hijabai da mayafai a Kejetia. Tun shekarar farko ya ce ta ɗan taya shi buga wani aiki don yatsunsa na ciwo, daga bugawa aka koma rubutawa, daga rubutawa ya miƙa mata lambar sirrin gaba ɗaya. Makarantar ba ta san fuskarsa ba, rubutu kawai take karɓa. In Nasiba ta dawo kasuwa ta ɗora tukunya, sai ta ɗauki laftof ta zauna a bakin murhu. Abin haushin, tana son karatun. Ita ce ta san yadda kwalara ke bin ruwa, ita ta sa matan gidan suka fara rufe randa.

A shekara ta shida mijin Barkisu ya rasu, dangin mijin suka karɓe ɗakin haya, ta dawo gidan ubanta da 'ya'ya uku da tukwanen wake da shinkafar da take sayarwa. Gidan cike yake da 'yan uwa da 'yan haya, ba ɗaki ko ɗaya. Aka kafa mata labule a baranda. Bayan ta fita takaba ta sami ƙaninta a ɗakin karatu, yana kwance ƙafa kan tebur.

"Shakiru, ɗaki biyu gare ka. Ka ba ni wannan in sa yaran nan, in riƙa sayar da abincina ta taga. Ka yi karatunka a ciki."

"Yaya, ni fa ba ni na ce ba. Baba ne ya ce. Kina so in saɓa wa mamaci?"

"To yaushe za ka gama?"

"Ilimi ba a sa masa rana, Yaya."

Kai, jama'a! Barkisu ta je wurin Malam Sanni, ya ce wallahi yana jin tausayinta, amma da kunnensa ya ji wasiyyar, ba shi da ikon canza ta. Ta dawo barandarta.

Damina ta zo. Wata ranar Laraba da la'asar aka yi ruwa irin na Kumasi, mai zuwa a karkace. Nasiba ta dawo kasuwa a jiƙe ta tarar da katifar Barkisu ta sha ruwa, littattafan makarantar yaran sun zama dusa, ƙaramar tana tari a jikin uwarta. Ta ɗaga ido ta hangi ɗakin ƙofar gida a bushe, fanka na juyawa, mijinta da abokansa uku suna ihu an ci ƙwallo. Kunya ce ta kama ta, irin wadda ke sa mutum ya ji ɗaci a baki, don ta san da hannunta ake riƙe da ɗakin nan.

Da aka buɗe rajistar samista ta gaba, Shakiru ya ce mata, "Maman Farhana, ki sa mana ɗaya kamar kullum, mai sauƙi."

Ta ce to. Ta sa huɗu.

Haka ta yi ta yi shekara biyu cur. Laftof ya koma bin ta kasuwa cikin jakar mayafai. Tsakanin mai saye da mai saye tana karatu, a trotro tana sauraron darasi, a bakin murhu tana rubutu, har ta rame. Ba ta ɗaga samista ko ɗaya ba, ko ta azumi. Sulemana da ya ga makaranta na aiko masa da takardar kuɗin kwas huɗu huɗu, sai ya bugo waya yana sa wa ƙaninsa albarka, ya ce yanzu ya ga an dage. Shakiru ya amsa da "Ai dole, Yaya," yana ta hura hanci, bai ko tambayi kansa me aka gani ba. Mutumin da ya shekara biyu bai buɗe shafin makarantarsa ba, ina zai sani? Laftof ɗin ma bai yi kewarsa ba, tunda ƙwallo a waya take.

Ranar wata Asabar da safe ya fito sayen ƙosai, mai ƙosai ta rangaɗa guɗa. Mai shagon kusa ya rungume shi. Wani ya ce, "Ɗalibi, ashe an sauke!" Ya ciro waya ya duba. Sulemana ne ya sa takardar makaranta a zauren WhatsApp na dangi da na unguwa: Shakiru Seini ya kammala digiri, da sakamako mai kyau kuwa. A ƙasa ya rubuta cewa walima nan da mako uku, shi zai yi komai.

Ya koma gida da gudu, ƙosan ma bai karɓa ba. Ya sami Nasiba tana ninke mayafai.

"Me kika yi min?"

"Karatu na yi maka, Baban Farhana. Ba shi ka sa ni ba?"

"Na ce ki gama? Wa ya ce ki gama?"

"To fita ka gaya musu ba ka gama ba. Ka gaya musu wanda ya yi."

Ya tsaya yana kallon ta kamar yau ya fara ganin ta, sannan ya fita ya shige ɗakin karatu ya turo ƙofa.

Zango kuwa ba ta wasa da walima. Yadda ake yi wa mai saukar Alƙur'ani haka aka shirya masa. Mata suka fitar da yayi, atamfa iri ɗaya kore da fari, kowa ta ɗinka. Aka tare layi da rumfuna da kujerun roba, aka kawo lasifika, Barkisu da kanta ta dafa abincin, tana dafawa tana waƙa. Aka zaunar da Shakiru a tsakiya cikin rigar digiri ta haya, hula mai tuntu na zame masa, fuskar nan kamar wanda aka kawo gaban alƙali.

Malam Sanni ya yi addu'a, ya yi wa Alhaji Seini roƙon gafara, sannan ya ce shi yau nauyi ya sauka daga wuyansa. Marigayi ya ce ɗaki na Shakiru ne har ya gama, ga shi Allah Ya nuna mana ya gama. Kafin a shafa fatiha Barkisu ta riga ta iso gaban ƙaninta sanye da yayinta, ta miƙa tafin hannu. A gaban liman, a gaban dattawa, a gaban abokan draf, ya laluba aljihu ya ciro makulli ya sa mata.

Sai mai sanarwa ya ce yanzu masanin lafiya zai ɗan yi wa jama'a bayani kan yadda za a kare kai daga kwalara a daminar nan. Aka danƙa masa makirfo. Shakiru ya yi gyaran murya sau uku. Ya ce kwalara cuta ce. Ya ce cuta ce mai haɗari ƙwarai. Ya waiga wajen mata yana neman Nasiba da ido, ita kuwa tana can tana zuba wa baƙi abinci, ba ta ɗago ba. Ya ce a dai riƙa addu'a, ya zauna. Dattawa suka ce madalla, matan gidan da suka san wanda ya koya musu rufe randa suka sunkuyar da kai suna danne dariya.

Washegari da hantsi aka fitar da tebur da allon draf, yaran Barkisu suka shigar da katifarsu suna tsalle a ƙarƙashin fanka. Kafin azahar an jera tukwane a bakin taga, har layi ya fara. Shakiru na tsaye a tsakar gida rungume da satifiket cikin gilashi, bai san inda zai rataya shi ba. Wani dattijo ya leƙo ya ce ranar Asabar akwai yashe kwata, tunda yanzu an huta.

Ya bi Nasiba ɗaki, ya sassauta murya.

"Maman Farhana, na ce ba, digiri na biyu fa? Shi shekara nawa ake yi?"

Tana sa laftof cikin jakar mayafai. Ta zuge jakar ta rataya a kafaɗa.

"Biyu ne, ga mai yi," ta ce. "Ni dai na riga na cike takardar digirin farko. Sunana na sa."